Kaset ɗin da Ban Bari An Juya Ba

Bakina ne ya raba ni da abokin da na fi so a Alƙahira, kuma a kan kaset. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya, ya ce wane irin kaset a wannan zamani? Ba na jin haushinsu, ni ma da dariyar na fara.

Shekarata ta biyu ce a Masar, ina karatun shari'a. Mu shida ne a gidan haya a Madinat Nasr, hawa na biyar, kuma da ƙafa ake hawa. Ɗaki uku, kowane ɗaki mutum biyu. Ni Bakano ne, sai Allah ya haɗa ni ɗaki ɗaya da Badamagare. Wanda ya san tsakanin Kanawa da Damagarawa ya san abokan wasa ne tun kaka da kakanni: ka zage shi, ya zage ka, kuma babu mai ikon yin fushi. Ranar da ya iso, bai ko ajiye jakarsa ba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhamdu lillahi. An ba ni tallafin karatu, an haɗa mini da bawa."

Na ce, "Ka fara karkaɗe rairayin da ke kunnenka tukuna, mu nan birni ne."

Shi ke nan, muka zama ɗaya. Tare muke cin ful, dafaffen waken Misirawa, da safe, tare muke cusa kai cikin motar haya, tare muke shan wahalar layin sabunta takardar zama. Bai taɓa kiran sunana ba. Bakano, ko bawana. Ni kuma in ce masa ɗan Damagaram.

Wata rana ya dawo daga kasuwar Ataba rungume da tsohuwar rediyo mai cin kaset, da kwali cike da kaset-kaset duk ƙura. A wajen wani tsoho ya samo su, mai baza tarkace a gefen titi, wanda kowa ke ce wa Ammu. Na ce masa, "Kai dai ƙauyanci ba ya barinka. Ga waya a aljihunka, waƙar duniya duk tana ciki."

Ya ce, "Waya ta mai da ku kaji. Ku tsattsaga nan, ku tsattsaga can, babu abin da kuke ci ku ƙoshi. Mutum ya zauna ya jera waƙoƙinsa, ya san wadda ya sa a gaba da wadda ya sa a baya, kai kuma ka zo ka tsinci guda ɗaya ka ce ka san shi?"

Daga nan muka kafa al'adarmu. Kowace Juma'a bayan la'asar, a dafa shayi, a rufe ƙofar ɗaki, a sa albam ɗaya. Dokar guda ce, kuma shi ya kafa ta: sai an ji gefe na farko, an juya, an ji na biyu, kaset ya tsaya da kansa ya yi ƙas, sannan kowa ya faɗi hukuncinsa. Hukuncin kuwa irin na jarrabawarmu ne. Mumtaz ga wanda ya kai ƙololuwa, jayyid ga mai kyau, maƙbul ga wanda ya tsallake da ƙyar, rasib ga wanda ya faɗi. Mu da malamai suke jiƙa wa aiki duk shekara, sai ga mu mun sami waɗanda za mu rama a kansu.

Maganar halaccin kiɗa ba zan shige ta a nan ba, mun sha ta a falo har mun gaji. Babbanmu a gidan, mai karatun fiƙihu, da ya ji an kunna sai ya ɗauki littafinsa ya koma baranda yana cewa Allah ya shirye ku. Sau ɗaya dai na leƙa na ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi.

Na tuna wani albam na Turawa, irin kiɗan nan da suke ce wa rok. A bangon, wasu ƙarti huɗu ne masu gashi har kafaɗa tsaye a cikin gona. Jitarsu tana gurnani kamar injin niƙa, mawaƙin yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Da ƙyar na kai ƙarshe. Kaset na tsayawa na ce, "Rasib! Wannan ai faɗa ne, ba waƙa ba."

Ya girgiza kai. "Kai ihun kawai ka ji. Ka saurari mai gangar? Duk haukan da suke yi, shi ne ya riƙe gidan, bai taɓa gaba ba bai taɓa baya ba. Sannan waƙa ta huɗu, inda mutumin ya gaji da ihu ya sauke murya, a nan ya faɗi gaskiyarsa. Duk hayaniyar farko don ya kawo ka nan ne."

"Ka ji abin da ya ce ne?"

"Ban ji ba. Amma wanda ke kewar gida ba ya bukatar tafinta. Jayyid."

Ni kuwa abin da nake so shi ne na zamani, irin na Misirawa da ake sawa a motocin haya, mai santsi, wanda aka wanke shi tas babu ko ƙura. Akwai wani da na ba mumtaz har ina tafi. Shi ya taɓe baki ya ce tumatirin saman kwando ne. Wai waƙar farko ce kawai jajir, sauran duk ita ce take sake riga tana dawowa. "Ka cire habibi daga bakin mutumin nan," in ji shi, "sai ya koma bebe. Maƙbul, shi ma don mai sarewar." Muka yi ta musu har aka kira magariba. Bayan mako biyu na sake jin albam ɗin ni kaɗai, na ga gaskiyarsa, amma wa zai gaya wa Badamagare ya yi gaskiya?

Wani abu da na lura da shi, amma ban tsaya na yi tunaninsa ba: duk ranar da muka sa na mutanen karkara, irin tsofaffin kudancin Masar masu goge mai tsirkiya ɗaya, bakinsa mutuwa yake yi. Ya jingina da bango, shayinsa ya huce. In an gama sai ya ce mumtaz a hankali, babu dogon bayani. Ni kuma in ce ƙauye ya ga ƙauye.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da kaina, ko da ba daɗi. A gidanmu, cikin birni, ana jin waƙa amma ba a ganin girman mai yin ta. Makaɗi in ya zo biki a bakin ƙofa yake tsayawa, a miƙa masa abin da za a miƙa, ba a shimfiɗa masa tabarma. Da wannan na tashi, da shi na hau jirgi, kuma duk littattafan da na karanta ba su kankare shi ba. Abokina ya san haka, don ya sha jin irin maganganuna. Da na taɓa tambayarsa sana'ar mahaifinsa, cewa ya yi manomi ne. Bai yi ƙarya ba, yana noma. Bai dai faɗa mini ba cewa tsohon makaɗin gurmi ne, wanda ake kira bukukuwa a ƙauyukan yankinsu.

Wani mako wani ɗan kasuwa daga Nijar, cikin masu zuwa saro kaya a Ataba, ya kawo masa saƙo daga gida: kilishi, da kuka, da wani ƙunshi a tsumma. Ranar Juma'a na ga mutumina ya kasa zama. Shi ya dafa shayin, alhali aikina ne. Ya sami auduga ya goge cikin rediyon. Ya zuba mini kilishi a faranti ba tare da na roƙa ba, har na ce lallai yau za a yi ruwa a Alƙahira. Sannan ya kwance tsumman ya fito da kaset, babu bango, babu rubutu.

Na ce, "Na wane ne?"

Ya ce, "Wani ne a wajenmu. Ka dai saurara, Bakano. Har ƙarshe fa."

Ya danna. Da farko huci kawai ake ji. Sai zakara ya yi cara. Sai wani tsoho ya yi gyaran murya, ya yi bisimilla, ya fara taɓa gurmi. Muryar ta dushe, tana rawa. Daga nesa wata mace tana daka, akuya tana kuka. A tsakiyar waƙa ta biyu tari ya sarƙe shi, ya tsaya ya yi abinsa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. A fili yake a tsakar gida aka ɗauka, da rediyo irin tamu.

Ni kuwa me zan yi in ba dariya ba? Na ga dama ta samu, Badamagare ya kawo kansa. Na ce, "Ikon Allah! Wannan ne gwanin naku? Shi da akuyar wa ke yi wa wani amshi?"

Ya yi murmushi ya ɗaga mini hannu, wai in dakata.

Ban dakata ba. Na kwaikwayi tarin. Na ce a taimaka a kai bawan Allah asibiti kafin ya ƙarasa a cikin rediyonmu. Gefen farko bai ma ƙare ba na miƙa hannu na danna, kaset ya tsaya. Shekara guda muna wannan zama, ko na masu ihun nan ban taɓa katsewa ba, sai ranar.

Ya ce, "Doka fa? Ba a juya ba."

Na ce, "Ya isa haka, wace doka? Wannan ko an juya shi sau goma rasib ne. Maroƙin ƙauye ne kawai, irin masu bin gidan biki don loma." Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Ni 'ya'yansa nake tausayi. Ka ce wannan ne ubanka, ina za ka sa kanka?"

Wallahi dariya ya yi. Ita ce take ci mini rai har yau. Wasa ne tsakaninmu, al'ada ba ta ba shi ikon ɓata fuska ba, ni kuma na fake a bayanta na yanka shi. Ya ce, "Bakano ke nan. Kunnenka na kasuwa ne." Ya fitar da kaset ɗin, ya zura biro ya mai da zaren farko a hankali, ya naɗe shi a tsummansa. Muka cinye kilishin, ni na fi cin da yawa.

Juma'ar da ta biyo ya ce yana da haddar da bai gama ba. Ta gaba ya ce kansa na ciwo. Ta bayanta muka sa wani albam, aka ji gefe biyu, na faɗi nawa, shi ya ce, "Tamam, yadda ka ce." Babu musu. Na yi ta tsokanarsa, yana ramawa sama-sama kamar mai biyan farilla. Da shekara ta ƙare ya ce zai koma unguwar Darrasa, kusa da masallacin da yake ɗaukar karatu, wai motar safe tana cinye masa lokaci. Na taya shi sauko da kaya hawa biyar ina ce masa zai dawo da ƙafarsa, wa zai iya zama da Badamagare in ba ni ba. Ban fahimci komai ba. Ni a ganina karatu ne ya yi masa yawa.

Bayan wata bakwai ko takwas aka ce mahaifinsa ya rasu. Bai sami zuwa gida ba, lokacin jarrabawa ne. Na tafi Darrasa gaisuwa, na sami ɗakin cike da 'yan Nijar, an shimfiɗa tabarmi har bakin ƙofa. Na zauna, aka yi addu'a, aka shafa. Sai wani dattijo cikin 'yan kasuwa, wanda na gane shi ne mai kawo saƙon nan, ya ce, "Allah ya jiƙan mai gurmi. Ni na ɗauko kaset ɗinsa na ƙarshe da hannuna, yana tari yana cewa in tabbata ya isa Masar."

Na ɗaga kai na dubi abokina, shi kuma yana kallon tabarma.

Da na tashi tafiya ya rako ni bakin matakala. Duk hanyar da zan bi in fara magana na rasa, wurin makoki ne, mutane na shiga suna fita. Na ce, "Ɗan Damagaram..." Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Na gode, Malam. Allah ya ba da lada. A gaida mutanen gida."

Malam. Shekara biyu mutumin nan yana kirana bawansa. Na juya na sauko matakalar nan.

Na so in koma, ban koma ba. Yau in ce sai an kwana biyu zafin rasuwar ya ragu, gobe in ce sai bayan jarrabawa. Gaskiyar ita ce kunya ce, da girman kai irin namu. Ina cikin wannan jan ƙafa ya gama karatunsa ya tafi. Rediyon da kwalin kaset-kaset ya bayar aka kawo mini. Na zazzage kwalin a tsakar ɗaki ina neman mai tsumma, ban same shi ba, kuma dama me zai sa ya bar mini?

Ni ban koma gida ba. Na zauna a Alƙahira ina yi wa masu zuwa asibiti da 'yan kasuwa tafinta, na yi aure, na haihu. Rediyon yana nan a kan kabad, matata ta gaji da cewa in zubar. In aiki ya kai ni Ataba nakan bi ta inda Ammu yake baza tarkacensa, yanzu wani ne a wurin yana sayar da rigunan waya. Ranar Juma'a bayan la'asar, in gida ya yi shiru, nakan sa ɗaya daga cikin kwalin in ji shi gefe biyu. In ya yi ƙas sai in faɗi hukuncina a zuci, in jira wanda zai ce ban iya ba. Ina kewarsa, kewa mai tsanani. Na yi abokai da yawa a garin nan, duk masu mutunci ne, babu mai zagina.

Kunnena ma ya sauya. Masu santsin nan da nake ba mumtaz, yanzu ba na iya kai su ƙarshe. Na tsofaffin karkara nake nema, inda ake jin numfashin mutum da motsin gidansa. Abin mamaki, rabin kaset ɗin nan da na ji sau ɗaya, ina dariya, ya ƙi fita daga kaina. Sai daga baya na gane tsohon ba gasa yake da mai dakan ba, bin ta yake: duk inda taɓarya ta sauka, nan yake ajiye yatsa. Da tari ya tsayar da shi kuwa, sai da ya jira ta zagayo sannan ya shiga, daidai wurin. Wanda ya yi wannan ya san aikinsa. Amma doka ta ce ba a hukunci sai an juya, ni kuma ban bari an juya ba.

Bara na sami lambarsa a wajen wani mara lafiya da na yi wa tafinta, mutumin garinsu. Yana koyarwa yanzu a wata makaranta. Kwana uku lambar tana wayata kafin na kira. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa, komai cikin ladabi kamar surukai. Sai na rufe ido na faɗi abin da ya kamata in faɗa a bakin matakalar Darrasa. Na ce ban sani ba, kuma ko da na wani ne ba nasa ba, abin da na faɗa bai dace ba. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Haba, ba komai. Ya wuce tuntuni. Ni ma da laifina, da na gaya maka."

Na ce, "Ina da roƙo ɗaya. Ka sa kaset ɗin, ka ɗauko mini gefe na biyu a waya. Ina so in ƙarasa."

Ya ce wata rediyo ta cinye zaren shekarun baya, yara sun yi ta ƙoƙarin liƙawa, bai yiwu ba. Babu wani kwafi.

"Me ke ciki?" na tambaya.

"Naka ne," in ji shi. "Na taɓa ba shi labarin akwai wani Bakano da muke ɗaki ɗaya, mai baki kamar reza. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce tunda ɗansa ya yi bawa a Masar, dole a yi wa bawan waƙa. Gefe na biyun duk kai ne. Ya zage ka tas, kai da Kano da rowarku, tun daga farko har ƙarshe. A ƙarshen ya yi maka addu'a, ya ce ka riƙe masa ni."

Matata ta leƙo daga kicin ta ga fuskata, ta koma.

Na ce, "Ko baiti ɗaya ne, rera mini. Ka tuna ai."

Ya ce, "Na tuna duka. Amma ni ba makaɗi ba ne, Malam."

Muna gaisawa yanzu, duk sallah, wani lokaci har da Juma'a. Nakan jefa masa tsokana, in ce yaya rairayi, yaya ƙauye. Yakan yi dariya ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi. Har yau bai rama ba, ni kuma ina nan ina jira.